An Kafa Siminti a Gonakinmu na Gado: Dokar Duniya Za Ta Tsaya Mana?

Tambaya: Barista, ni malamin makaranta ne a cikin birni, amma gonakinmu na gado suna bayan gari, ta wajen titin Zariya. Kwanan baya masu safiyo suka zo suka kakkafa simintin alama, aka ce gwamnati za ta yanka filaye. Ba wanda ya zauna da mu. Na ji a rediyo cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ba a taɓa ƙasar 'yan asalin wuri sai da yardarsu. Mu kuwa kaka da kakanni a nan aka binne su. Za mu iya tsayawa a kan wannan doka?

Amsa: Malam, Allah ya ba ku haƙuri, ya kuma fitar muku da haƙƙinku. Abin da ka ji a rediyo yana nan a rubuce, ba ƙage ba ne. Sai dai in kuka ɗauke shi shi kaɗai kuka shiga Babbar Kotun Jiha a sakatariyar Audu Bako, lauyan gwamnati ba zai yi gumi ba kafin ya rushe ƙarar. Kuna da hujja, har ta fi wadda kuke tsammani ƙarfi, amma a wata ƙofar take.

Takardar da ake nufi ita ce sanarwar haƙƙoƙin al'ummomin asali wadda Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar ranar 13 ga Satumba, 2007. Ƙasashe sama da 140 suka goyi baya. Huɗu suka ƙi, wato Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan, ko da yake daga baya duk sun sauya matsayi. Sha ɗaya suka ƙaurace wa ƙuri'ar, kuma Najeriya tana cikinsu. Sashe na 26 na sanarwar ya ce waɗannan al'ummomi suna da haƙƙi a kan ƙasar da suka gada suke amfani da ita, ko da ba takarda. Sashe na 10 ya hana a tashe su da ƙarfi sai sun amince. Sashe na 32 ya ɗora wa gwamnati ta tuntuɓe su da zuciya ɗaya, ta hannun wakilan da su suka zaɓa, domin neman amincewarsu kafin ta sa hannu a kan duk wani aiki da zai taɓa ƙasarsu ko ruwansu ko ma'adinan da ke ciki.

Cikas na farko shi ne wannan sanarwa ce, ba yarjejeniyar da ƙasa ke sa wa hannu ta zame mata wajibi ba. Yarjejeniyar da ke ɗaure ƙasa a wannan fage ita ce mai lamba 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1989, kuma Najeriya ba ta shiga ba. Ƙasashe ashirin da 'yan kai ne suka shiga, galibinsu na Latin Amurka. A Afirka, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce ta fara shiga a 2010. Kai ko da ma mun shiga, sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar waje da za ta yi aiki a kotunanmu sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita dokar ƙasa. Alƙali yana iya karanta sanarwar ya ɗauki haske daga gare ta, amma ba zai soke aikin gwamna saboda ita ba.

Cikas na biyu ya fi ɗaci, kuma gara ka ji shi daga bakina. Dokar duniya ba ta nufin duk wanda aka binne kakansa a wuri, kuma ba ruwanta da takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma da muke karɓa don neman aiki ko makaranta. Wannan batu ne ya sa ƙasashen Afirka suka ja da baya kafin ƙuri'ar 2007, suna cewa ai kowa a nahiyar nan ɗan asali ne. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta riga ta ba da amsa a rahoton kwamitinta na 2003: ba a duba wa ya riga wa zuwa. Ana duba al'ummar da ta ɗauki kanta a matsayin daban, rayuwarta da al'adarta suka rataya a kan wata ƙasa ta musamman, kuma masu rinjaye suka mayar da ita saniyar ware a mulki da rabon arziki. Mafarauta irin Ogiek na Kenya, makiyaya irin Masai da Buzaye da Bororo, su ne irin misalan da aka kawo. Manomi Bahaushe a ƙasar Kano, wanda harshensa ne harshen kasuwa da fada da gidan gwamnati, zai yi wuya ya shiga wannan sahu. A Najeriya waɗanda da'awarsu ta fi kama hankali su ne irin Ogoni, da Gwari da Gade da Gwandara da Koro da aka kafa Abuja a kan ƙasarsu bayan dokar soja ta 1976, da kuma Fulanin daji waɗanda burtalinsu da mashayarsu suke ɓacewa kullum ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba.

To ina ƙofar taku? Ta farko ita ce Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummomi ta 1981. Ita kam Najeriya ta shiga a 1983, ta kuma mayar da ita dokar ƙasa. A shari'ar Gani Fawehinmi da gwamnatin Abacha, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2000 cewa kotunanmu za su yi aiki da ita, tana ƙasa da kundin tsarin mulki amma tana da nauyi a kan sauran dokoki. Sashe na 14 ya kare dukiyar kowane mutum, ba a taɓa ta sai don buƙatar jama'a kuma bisa doka. Sashe na 21 ya ce al'ummar da aka ƙwace wa dukiya tana da haƙƙin a mayar mata ko a biya ta isasshiyar diyya. Sashe na 22 ya yi maganar haƙƙin ci gaba, na 24 kuma lafiyar muhalli. Ba sai ka tabbatar kai ɗan asali ne a ma'anar Majalisar Ɗinkin Duniya ba kafin ka riƙe sashe na 14.

Da wannan yarjejeniya aka yi nasarar manyan shari'o'in nahiyar nan. A 2001 hukumar Banjul ta samu gwamnatin Najeriya da laifi a kan abin da aikin mai ya yi wa ƙasar Ogoni, ta ce dole a riƙa ba mutane bayani a kuma sa su cikin shawarar da ta shafe su. Sai Endorois na Kenya, makiyayan da aka kora daga gaɓar tafkin Bogoriya a shekarun 1970 don a yi gandun namun daji. Hukuncinsu, wanda shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da shi a 2010, ya ce riƙon gado daidai yake da mallaka, kuma aiki babba a irin wannan ƙasa yana buƙatar amincewar mutanen bisa al'adarsu. Ranar 26 ga Mayu, 2017 Kotun Afirka da ke Arusha ta ba Ogiek gaskiya a kan dajin Mau, a 2022 ta yanke musu diyyar da ta haura shilin miliyan 157, ta kuma umarci Kenya ta shata musu ƙasarsu ta ba su takardar mallaka ta gamayya. Amma a ƙarshen 2023, da hukuncin a hannunsu, jami'an gandun daji suka sake rushe gidajen wasu daga cikinsu. Endorois kuwa har yau suna bin mafi yawan abin da aka yanke musu. A nan gizo yake saƙar: kotunan nan ba su da ɗan sanda, gwamnatin da aka samu da laifi ita ake jira ta zartar wa kanta da hukunci. Mu ma Najeriya ba ta ba ɗaiɗaikun mutane izinin kai ta ƙara Arusha kai-tsaye ba. Kotun ECOWAS da ke Abuja ce a buɗe, kuma ba ta sharɗanta sai an gama da kotunan gida.

Bari in tsaya a kan tuntuɓar kanta, don a nan ake yi mana sakiyar da ba ruwa. Sharuɗɗanta uku ne a dokar duniya: a yi ta ba tilas ba tsoratarwa ba toshiyar baki, a yi ta tun kafin a yanke shawara, a kuma yi ta bayan an faɗa wa mutane komai da harshen da suke ji. Mu ma mun san haka, tun ran gini tun ran zane. Kwatanta wannan da yadda aka saba yi a ƙauyukanmu. Mota ta tsaya a ƙofar gidan dagaci da hantsi, lokacin da masu gona suke gona. A shimfiɗa tabarmi, a tara waɗanda aka samu. Jami'i ya miƙe ya ce gwamnati ta kawo ci gaba, za a yi titi da asibiti, ba wanda zai yi asara. Taswirar tana naɗe a cikin mota, ba a warware ta ba. A zagaya da takarda a ce kowa ya rubuta sunansa ko ya dangwala yatsa don a san ya halarta. A ɗauki hoto, a yi addu'a, a tashi. Bayan wata uku, wannan takardar halarta ita za ka gani a cikin fayil an maƙala mata rubutu a sama cewa al'umma ta amince. Matar da ta gaji tumunin gonar mijinta tana cikin gida ba a kira ta ba. Wanda ya karɓi jinginar gona bai sani ba. Bafulatanin da ke sauka a wurin kowace kaka ya ci karmami ya bar taki, shi ba a ma lissafa shi cikin masu magana ba. Wannan sanarwa ce aka yi, kuma ihu ne bayan hari. Kotun haƙƙin ɗan adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta faɗa a shari'ar al'ummar Saramaka da ƙasar Suriname a 2007, ta nanata a ta al'ummar Sarayaku da ƙasar Ekwado a 2012, cewa tuntuɓa nauyi ne a wuyan gwamnati, ba ta da ikon miƙa shi ga kamfanin da zai ci ribar aikin. Ma'aunin da nake amfani da shi ɗaya ne: shin abin da mutanen suka faɗa zai iya sauya layin da aka ja a taswira? In ba zai iya ba, ba a yi shawara ba.

Ba na cewa dagatai da masu unguwanni maciya amana ne. Da yawa suna tsayawa wa talakawansu har su rasa rawani. Amma dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi yana ƙarƙashin masarauta, gwamnati ce kuma ke riƙe da albashinsu duka. Zalunci ne a ɗora masa ya zama shi kaɗai ne bakin mutanen da gwamnatin take son gonarsu.

Ƙofa ta biyu, wadda a ganina nan ne shari'arku za ta tsaya ko ta faɗi, ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris, 1978, ta zamanin mulkin sojan Obasanjo. A Arewa ba baƙuwa ba ce: tun dokar Turawa ta 1910 aka ce ƙasar Arewa tana hannun gwamna, dokar Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba da hakan, ta 1978 ta shimfiɗa shi a ƙasa baki ɗaya, sashe na 315 na kundin tsarin mulki kuma ya kulle ta yadda gyara ta sai an bi hanyar gyaran kundin. Mutane sun haddace rabin sashe na 1, cewa ƙasa tana hannun gwamna. Suna manta ragowar: a matsayin amana yake riƙe da ita, don amfanin jama'a. Sassa na 34 da 36 sun ce wanda yake riƙe da filinsa ko gonarsa kafin dokar ana ɗaukarsa kamar wanda aka ba haƙƙin zama, ko bai taɓa ganin satifiket ba. Saboda haka duk wanda ya ce muku ba ku da takarda don haka ba ku da magana, bai faɗi gaskiya ba.

Gwamna yana da ikon soke wannan haƙƙi a ƙarƙashin sashe na 28, amma da sharaɗi. Dole ya zama don maslahar jama'a. Yanka sabuwar unguwa bisa tsari yana cikin abin da dokar ta lissafa a matsayin maslaha, don haka kada ku sa rai a kan cewa yankan filaye haramun ne a karan kansa. Amma karɓe gonar talaka a miƙa wa wani attajiri ko kamfani don amfanin kansa, Kotun Ƙoli ta rushe irinsa tun a shari'ar Ereku ta 1974, ta sake a shari'ar Osho ta 1991. Dole kuma a ba mai haƙƙi takardar sanarwa ɗauke da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta, a isar masa ta hanyoyin da sashe na 44 na dokar ya zayyana, kuma haƙƙinsa ba ya faɗuwa sai sanarwar ta isa. Simintin da aka kafa ba sanarwa ba ne. Shelar rediyo ba ta wadatar ba. A kan wannan gaɓa kaɗai gwamnatoci sun sha kaye a kotu ba sau ɗaya ba, domin alƙalai suna tsananta wa duk dokar da ke raba mutum da dukiyarsa.

Inda dokar ta gaza shi ne diyya, kuma gazawar tana ci mini rai. Sashe na 29 ba ya biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da ke kanta ake biya: gini, rijiya, shuka, itatuwa. Ranar ƙiyasi za ka ga jami'i da allon rubutu yana bin kunya-kunya, yana ƙirga mangwaro nawa, ɗorawa nawa, kuka nawa, wanne ya fara 'ya'ya wanne bai fara ba, kowanne da farashin da aka riga aka rubuta a jadawalin ofis. In da rani aka zo, gonar da ke cika rumbu da gero da dawa a rubuta ta fili ne fetal. Ɗorawar da ta shekara hamsin tana ba gida daddawa a yi mata kuɗin da bai kai cefanen wata ba. Bayan shekara guda fuloti ɗaya da aka yanka a cikin gonar ya fi duk abin da aka biya gidan. Wannan ne ya sa a Kano aka saba da tsarin kashe-mu-raba, a ba mai gona wani kaso na fulotan maimakon kuɗi. Ya fi adalci nesa ba kusa ba, amma tsari ne na gwamnati, kason yana iya sauyawa, sai abin da aka rubuta muku aka sa hannu. Akwai kuma wani ƙaramin sashe da ba a cika tunawa da shi ba, na 6 sakin layi na 6: in gonar noma ce ta haƙƙin gargajiya aka soke, ƙaramar hukuma ta ba mai ita wata gonar. Lauyanku ya duba ko an riga an ayyana yankinku a matsayin cikin birni a gazet, wato mujallar da gwamnati ke buga sanarwoyinta a ciki, don wannan yana sauya lissafi. Sashe na 44 na kundin tsarin mulki kuma ya ce a biya diyya ba jinkiri, mai dukiya yana da damar zuwa kotu a kan adadinta.

Mun ga abin da raina wannan mataki yake haifarwa. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da aka karɓe wa gonaki don madatsar ruwa suka yi ta kukan diyya, suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta aka rasa rayuka masu yawa. A nan gida, dam ɗin Tiga na zamanin Audu Bako ya raya Kadawa da Kura da noman rani, ba mai musun wannan. Amma shi da na Challawa sun rage ambaliyar da fadamun Hadejia da Nguru suke rayuwa a kanta, masunta da makiyaya da manoman shinkafar can ba wanda ya tambaye su, don ba a ƙasarsu aka yi ginin ba.

Ku binciki kuma wa ke ba da kuɗin aikin. In akwai hannun Bankin Duniya, ƙa'idojinsa da suka fara aiki a 2018 sun fi dokarmu tausayi: diyya a kan abin da zai sayi madadin abin da aka rasa, a biya kafin a karɓi wurin, a duba har wanda ba shi da takarda, a kafa wurin kai koke. Jami'an da ba sa jin tsoron sammaci suna jin tsoron a dakatar da kuɗi. Manyan ayyuka irin bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano ko layin dogo na Kano zuwa Maraɗi kuma dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ta wajabta a baje rahotonsu jama'a su gani su yi magana.

Yanzu, Malam, kada kowa ya tumɓuke simintin nan, kada a taɓa ma'aikaci. Yin haka zai mayar da maganar gona ta koma maganar beli. Ku haɗa kanku tun kafin dillalai su fara bin ku ɗaya-ɗaya da kuɗin goro, domin da zarar mutum biyar sun sayar, murya ta karye. Ku zaɓi wakilai a rubuce, a sa mata masu gado a ciki, a kira ardon da ke sauka a wurin, shi ma haƙƙinsa ne kuma shaidarsa tana ƙara muku nauyi. Kowane gida ya nemo abin da yake da shi: takardar rabon gado ta kotun shari'a, takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa, tsofaffin rasit, dattawan da suka san iyaka. Ku ɗauki hoton gonakin da amfanin da ke ciki da kowace bishiya, da kwanan wata, ku yi naku ƙirgen kafin nasu. Sannan lauya ya rubuta wa ma'aikatar ƙasa wasiƙa, a buga hatimin karɓa a kan kwafinku, yana tambayar abu huɗu: da wace sanarwa aka soke haƙƙinku, don wace maslaha, ina taswirar, kuma wane kaso ko diyya aka tanada. A nemi zama a garinku, da Hausa, a ranar da kuka zaɓa, a rubuta abin da aka tattauna kowa ya riƙe kwafi. Kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, kuma kai da kake malami wannan aikin naka ne. In wasiƙar ba ta samu amsa ba, ko kuka ga katafila ta doso, a garzaya Babbar Kotun Jiha a nemi umarnin dakatar da aiki kafin a fara raba takardun fuloti, don da zarar an raba wa mutum ɗari sun fara zuba bulo, ƙwato gonar ya zama wani aiki daban. A cikin takardun ƙarar a jera Dokar Amfani da Ƙasa da sashe na 44 na kundin tsarin mulki a gaba, Yarjejeniyar Afirka ta biyo, sanarwar 2007 da hukuncin Endorois su zo a ƙarshe don su nuna wa alƙali yadda ake fahimtar tuntuɓa a sauran duniya.